A Sama Ma Akwai Ba Shiga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, kin sauka Virginia ba wata wahala, kuma motar ba ta jijjiga miki kayan aiki ba. Ummanki ce ta soka miki ita a cikin akwatin jirginki, kusa da batura, don ta ce nan ne kaɗai wurin da ta tabbata za ki duba. Ta ce da a jakar tufafi ta saka, sai baɗi ki gan ta.

Wallahi Uwata, tun ranar da lasisinki ya iso bakina ya ƙi rufuwa. Ji nake kamar an ba ni kujerar Makka. Ranar Juma'a da aka sallame a masallacinmu na Mount Hope, ban bar mutum ɗaya ya sa takalminsa cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda na kama sai na gaya masa 'yata ta zama matuƙiyar jirgi, hukuma ta ba ta takarda, kamfani ya ɗauke ta aiki, za ta riƙa duba musu gadoji da rufin gine-gine da wayoyin wuta daga sama. Malam Awudu, mutumin Kumasin nan mai shagon kayan miya, ya dube ni ya ce, "Massa, yarinyanka ya zama pilot? Wane jirgi, wanda ake riƙe da rimot?" Na ce masa e, duron ne, amma shi ko rimot ɗin talabijin ɗinsa jikokinsa ne ke danna masa. Aka yi dariya, ya rungume ni, ya sa miki albarka har idonsa ya kawo ruwa. Ni da na shigo garin nan ina tuƙa tasi, na koma ɗaukar bidiyon biki da suna, yau 'yata ce gwamnati ta yarda ta hau sararin samaniyarta. Alhamdu lillahi.

To amma ba murna kaɗai ta sa na zauna rubutu ba. Ummanki ta gaya mini maganar da kuka yi da Gwaggonki Balaraba a waya. Na ji cewa walimar auren Safiya, autarta, a wani lambu za a yi a bakin ruwa, jikin shingen sansanin sojan ruwa na garinsu. Na ji tana so ki tayar da jirginki a kan ango da amarya, ki ɗauko har da manyan jiragen yaƙin nan a bayansu, don mutanen Kano su gani a gurup ɗin dangi su san inda ake. Kuma na ji kin ce mata, "To, Gwaggo."

Ban ga laifinki ba. Yayata ce, ita ta goye ni, ita ta yi mini hanyar zuwa ƙasar nan, kuma a gidanta za ki zauna ki ci tuwonta. Amma kin fi ni sanin abin da zai biyo baya. In jirgin nan ya leƙa shingen, lasisin da kika sha wahalar karatu a kansa zai tafi, aikin zai bi shi, kuma ba lallai abin ya tsaya nan ba. Ke kika ci jarrabawa, don haka ba doka zan koya miki ba. Yadda mutum ke ganin doka da idonsa ya taka ta, shi zan gaya miki, don a wannan fannin ni ne babban malami a duk faɗin Bronx.

Kin tuna jirgina na farko, farin nan da na saya kina makarantar sakandare? Na ga masu ɗaukar bikin Turawa suna yi, na ce ni ma ba za a bar ni a baya ba. Ranar da na fara fita da shi aiki, suna ake yi a wani gida a Soundview, aka hau saman bene da tabarmi da tukwanen shinkafa. Na shimfiɗa shi a tsakiya, mata suka ja da baya, maigida ya gyara hula. Na yi bismillah, na danna. Ya yi ƙara ya yi shiru. Na sake dannawa, na canja batir, na ɗaga shi na girgiza, har na hura masa iska a ciki kamar tsohuwar rediyo. Ya ƙi tashi ƙememe. A daidai lokacin manyan jiragen fasinja na ta sauka a filin jirgin da ke tsallaken ruwa, kusa da mu har kana iya karanta rubutun jikinsu, amma ko a raina ban haɗa wannan da wancan ba.

Washegari na ɗauke shi na hau jirgin ƙasa zuwa Harlem, wurin Isufu mai gyaran waya, Bamaraɗen nan da ke ba ki alewa kina ƙarama. Na ce masa an sayar mini da rubabben kaya. Ya juya shi, ya kunna, ya ce, "Alhaji, appareil ɗinka lahiya lau yake. Ina ka so ka tada shi?" Da na gaya masa, ya buɗe mini taswira a waya, ya nuna mini unguwar gaba ɗaya an shafe ta da launi. Ya ce wannan hanyar manyan jirage ce, ba a hawa sai da izinin masu kula da sama, kuma a cikin birnin nan ma ko tayarwa ba a yi sai da takardar 'yan sanda, in ban da wasu 'yan filaye da aka ware. Raina ya ɓaci. Na ce, "Isufu, sama fa ta Allah ce." Ya ce, "Ƙasa ma ta Allah ce, Alhaji. Tai ka aje tasi gaban famfon 'yan kwana-kwana ka gani."

Na yi dariya, amma ban ji ba. Abin da na ɗauka daga wurinsa kawai shi ne in nemi unguwar da jirgin ba zai yi mini gardama ba. Don haka shawarata ta farko, kada ki taɓa barin na'ura ta yi miki hankali. Nawa ya ƙi tashi ya cece ni ranar, amma ke kika gaya mini na yanzu da yawa gargaɗi kawai suke yi su bar mutum da halinsa. Ki duba taswira kafin ki bar gida, ki sake dubawa in kin isa wurin, don inda aka yarda jiya ana iya rufe shi yau. Kin ga yadda ake rufe mana saman Manhattan duk shekara in shugabannin duniya sun zo taro. Garin da soja suka yi yawa kuwa, sai abin da ya ƙaru.

Darasi na biyun shi ne babba, kuma ke abin da kika sani a kansa kawai shi ne wata rana na dawo gida ba akwati a hannuna, na wuce ɗaki ban ci abinci ba.

Biki ne na wasu mutanenmu a Brooklyn. Bayan ɗaurin aure aka ce a je bakin ruwa a yi hotuna, ƙarƙashin babbar gadar nan. Wurin ya yi kyau ƙwarai, rana ta yi sanyi, ruwa na ƙyalli, 'yan mata sun sha anko ruwan goro. Gefe guda kuma akwai katanga da waya a kanta, da allo da aka rubuta cewa wurin soja ne, ba a shiga. Na ga allon, Uwata. Na tsaya na karanta shi tsaf. Kawun ango, wani dattijo mai babbar riga, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Ɗanladi, a zagayo mana da shi ta can, gadar ta fito gaba ɗaya." Ta can ɗin kuwa ta saman katangar ce.

Bari in gaya miki abin da ya zo mini a rai, don ke haihuwar nan ce, ba ki taso da shi ba. A unguwarmu a Kano, kusan kowane gida za ki ga an rubuta "Ba shiga" a bangon zaure, wani da fenti, wani da gawayi. Ma'anarsa akwai matan aure a ciki, baligi ya tsaya a waje. Amma ba wanda ya taɓa komawa gida don ya ga rubutun nan. Sai ka tsaya a ƙofa ka samu ƙaramin yaro ka ce, je ka ce ana sallama da maigida. Yaron ya shige har tsakar gida, ya ga kowa, ya dawo maka da amsa, kuma ba wanda zai ce ka keta haddin gidan. Ni kaina an aike ni haka ba adadi. To wallahi da wannan lissafin na dubi allon sojan nan. Na ce ai ni aka hana, ni baligi. Na ja da baya sosai daga katangar don kada ma a ce na matsa, na gyara tsayuwa cikin ladabi, na tura ɗan aikena.

Kai, hoton ya yi kyau! Har yau ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Gada ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, amarya ta zama 'yar mitsitsiya a ƙasa, mayafinta na kaɗawa, mutane suka taru a bayana suna leƙen allon rimot suna kabbara. Ina cikin jin daɗin nan motoci suka tsaya a bayanmu. Kafin in sauko da shi an kewaye ni. Na waiga neman kawun ango, na hango shi can nesa ya harɗe hannu a baya yana nazarin ruwa, kamar bai taɓa ganina ba.

Wata jami'a ce ta tambaye ni ko na ga allon. Na ce na gani. Ta ce to me ya sa na shiga? Na ce mata da Turancina na tasi, da iyakar gaskiyata, ni ban shiga ba, aikensa na yi. Ta ce in maimaita. Na maimaita, har ina nuna mata inda ƙafata take. Ta dubi abokin aikinta, ta dube ni, ta ce, "Malam, duk inda abin nan ya je, kai ne ka je."

Suka karɓe jirgin da katin hotunan da wayata, suka tafi da ni wani ɗaki. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, har ruwa aka ba ni. Amma tambaya ɗaya ake juya mini ta kowace fuska: wa ya aiko ka, wa za ka tura wa hotunan, me ka sani game da wurin nan. Ina zaune da gemuna da hulata da sunana, na san yadda abin yake a idonsu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka nuna mini wuƙa a tasi ban ji haka ba. Ke da ƙannenki nake ta gani a raina, ina tunanin wa zai kai ku makaranta. Allah ya taimake ni suka gane wauta ce ba mugunta ba, suka sake ni kafin magariba. Jirgin bai dawo ba, hotunan bikin mutane ba su dawo ba, kuma uwar amarya ta daina amsa gaisuwata.

Don haka ki riƙe maganar matar nan, ta fi duk abin da zan iya gaya miki. Jirginki ba ɗan aike ba ne, ke ce. Nawa ma sai da suka neme ni da ido, naki kuwa da kansa yake shelar lambarsa da inda mai riƙe da rimot take tsaye. In kuma wurin aiki ne aka ce an nemo izini, ki ce a nuna miki a rubuce. In an nema ba a amsa ba tukuna, ba a ba ki ba ke nan. Wannan ko a gida haka yake, wanda ya yi sallama ya ji shiru juyawa yake yi.

Na ukun gajere ne, amma shi ya fi ba Ummanki dariya. Da takardar sammaci ta zo, sai na yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi a gida: na tara manya. Na ɗauki liman da Malam Awudu da wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a Harlem, suka sha manyan riguna, muka tafi ofishin da ya aiko takardar a ba da haƙuri. Aka ba mu kujeru. Dattijon ya miƙe ya yi jawabi mai ratsa jiki, ya ce wannan ɗanmu ne, mutumin kirki ne, ya ga allon da idonsa, ya san an hana, shaiɗan ne kawai ya zuga shi, a dubi girman Allah a yafe. Ni ina gefe ina gyaɗa kai, ina jin an gama magana. Mutumin da ke bayan tebur ya rubuta komai, ya yi mana godiya, ya raka mu har ƙofa. Da na ba lauya labari daga baya, sai ya dafe kansa da hannu biyu ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce a duk aikinsa bai taɓa ganin wanda ya yi hayar mota ya kai shaidu a kan kansa ba.

Na biya tara, kuma maganar ta bi ni har ranar da na je ganawar zama ɗan ƙasa, sai da na sake bayaninta ina gumi. A nan, Uwata, "a yi haƙuri" ba ya dawo da lasisi. In wani abu ya taɓa faruwa, Allah ya kiyaye, ki sauko da jirgin nan take, ki yi magana da ladabi, ki nuna takardunki, ki kira kamfaninku da lauya. Kada ki kira ni in taho da dattawa.

Game da bikin Safiya, ga abin da nake gani. Ki ɗauke su da kyamarar hannu ranar walima, kin iya, ni na koya miki. Washegari ko wani satin ki duba taswirarki ki samo wuri mai kyau da aka yarda, nesa da soja, nesa da filin jirgi, ki kai ango da amarya su sake sa kayansu, ki tayar musu da jirgi har su gaji. Mutanen Kano ba su san wane ruwa ne wane ba. Jiragen yaƙi kuwa, wanda ke son ganinsu ya kunna talabijin.

Yanzu saura abin da nake ta kewaye-kewaye ban faɗa ba. Da Ummanki ta gaya mini zancen, na buga ƙirji na ce ki bar shi a hannuna, ni zan kira Yaya in kashe maganar, ba sai an sa yarinya a tsaka mai wuya ba. Har gwaji muka yi a falo, Ummanki ta ɗaura ɗankwali irin na Yaya ta zauna a kujera, ni kuma ina jero hujjoji. Na yi ƙoƙari ƙwarai, ita kanta ta yaba. Jiya da hantsi na kira.

Muka gaisa, na tambayi ƙafarta, ta tambayi hawan jinina. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ɗanladi, Allah ya yi maka albarka da ka haifa mana yarinyar nan. Na gaya wa kowa. Dangin ango ma na ce musu ba sai sun ɗauko kowa ba, muna da pilot a gida."

Na ce, "Yaya, dama..."

Ta ce, "Dama me?"

Uwata, muryar nan ce da ta tashe ni sallar asuba tun ban san hannun damana ba. Na ce, "Dama cewa na yi ko akwai abin da za a taho muku da shi."

Ta ce, "Ka biya Harlem ka sayo mini daddawa da kuka. Kuma ka ce wa yarinyar ta cika batir."

Na ce, "To, Yaya."

Ummanki ta tashi ta shige kicin, ina jin dariyarta har da tari. Ni kuwa na zauna da waya a hannu, kunya ta rufe ni. Mutumin da aka tsare a ɗaki saboda ya kasa ce wa baƙon dattijo a'a, ga shi da furfura ya sake cewa to, kuma wannan karon da lasisin 'yarsa.

Shi ya sa na ɗauki biro. Lokacin da kike 'yar ƙarama, kin fara zuwa makaranta, akwai wata kalma da kika kwaso a can. Babba zai ce zo nan, ki noƙe kafaɗa ki ce, "No." A gaban baƙi, a masallaci, ko'ina. Na sha jin kunya, na sha yi miki faɗa, na yi shekaru ina cire miki ita ina dasa miki "to" a wurinta, har kika zama yarinyar da kowa ke misali da ladabinta. Ina alfahari da hakan, kuma ban ce ki yar da shi ba. Amma ina roƙonki ki je ki nemo waccan kalmar duk inda na jefar da ita, don yau ina bukatarta kuma ni ba ni da ita.

Ki sami Gwaggo ita kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ki durƙusa har ƙasa ki gaishe ta, ki yi mata bayani yadda za ta gane, ki gaya mata abin da za ki yi wa Safiya a madadinsa. Sannan ki ce mata a'a. In Hausar ta maƙale miki a wuya kamar yadda ta maƙale mini, ki faɗa da Turanci. Za ta yi fushi, za ta kira ni ta wanke ni tas, wataƙila ta yi wata ba ta amsa wayata ba. Wannan kasona ne, zan ɗauka, zagi dai na iya saurara.

Allah ya tsare mini ke a ƙasa, ya tsare abin da kike tayarwa a sama. Allah ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki na gari, ya sa duk tashin da za ki yi ki sauka lafiya, ya sa albarka a aikin nan ya zama sanadin alheri gare ki da mu baki ɗaya. Ummanki da ƙannenki suna gaishe ki, Isufu da Malam Awudu ma sun ce a gaishe da matuƙiya. Ki riƙe salla a kan lokaci.

Muna tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda, da daddawa da kuka. Don girman Allah ki gama da Gwaggo kafin motarmu ta iso, don in ta dube ni ta ce Ɗanladi, ni da hannuna zan buɗe miki akwatin.

Wassalam,
Babanki
University Heights, Bronx